Lifidi Ya Shiga Kwamfuta

Bari in faɗi matsayina tun kafin a tambaye ni. Cikin duk tsoffin wasannin kwamfuta da aka tono aka kakkaɓe musu ƙura, babu wanda ya kama ƙafar Age of Empires III: Definitive Edition, kuma mai son raba ni da wannan ra'ayi sai ya shirya kwana yana gardama. Wasa ne da za ka taɓa manomi a kan allo ya amsa maka da Hausa. Ka taɓa mahayin doki, shi ma Hausa. Ka tura su fagen fama, su tashi da harshen da aka yi maka rarrashi da shi kana goye. Ba Hausar Adar ba ce, gaskiya, ta fi karkata gabas, to amma wa ya taɓa tsammanin kamfanin da ya yi Windows zai nemo mutane ya tsayar da su gaban makirfo su yi masa Hausa, domin wasan da ake bugawa daga Koriya har Barazil?

Wanda bai taɓa ganin irin wannan wasa ba, ya tuna dara. Gurbi 30 a ƙasa, kowa da ƴaƴa 12, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa gindin bedi a Madawa ko Buza yana kallon tsofaffi ya san tun wurin zuba ƴaƴa ake gama dara, cin da ke biyo baya karɓar bashi ne kawai. Haka wannan yake, sai dai ba a jiran abokin karawa ya taka kafin ka taka. Kowa na motsi a lokaci guda. Ana ba ka gari ɗaya, talakawa ƴan kaɗan da jagora bisa doki, sauran duniya kuwa duhu ne sai ka aika an gano maka. Ka tara abinci da itace da kuɗi, ka gina gidaje, ka ƙara jama'a har iyakar 200, ka haye zamani biyar ɗaya bayan ɗaya, kana yi kunnenka na ga inda maƙwabci zai ɓullo. Mutum takwas na iya haɗuwa a fili guda. Wanda ya yi sakaci da neman abinci cikin minti 5 na farko, a minti na 20 zai gane kurensa, sa'ad da dawakin wani ke cinna wa rumbunansa wuta.

Wasan tsohon gida ne. Kamfanin Ensemble Studios na Amurka ya fitar da Age of Empires na farko a 1997 ƙarƙashin Microsoft, na biyu ya biyo a 1999, na uku a 2005. Wannan na ukun labarin Turawa ne da suka tsallaka teku suna rabon nahiyar Amurka: Sifaniya, Ingila, Faransa, Fotugal, Holan, Jamus, Rasha, sai Daular Usmaniyya ta cike takwas. A 2006 aka ƙara al'ummu uku na asalin Amurka, a 2007 aka kawo Sin da Japan da Indiya. Afirka kuwa ko ƙofar gida ba a bari ta leƙo ba. Sai a 2009 aka rufe Ensemble ɗungurungum, kowa ya ce shi ke nan, an yi an gama.

Masoya ne suka ƙi yarda. Wasu matasa da ke warwatse a ƙasashe daban-daban suka zauna suna ƙera wa Age of Empires II sabbin al'ummu don sha'awa kawai, babu mai biyansu ko dala, suka sa wa aikin suna Forgotten Empires. Da Microsoft ya sake fitar da wasan a 2013 ya ga irin tururuwar da aka yi, sai ya jawo su jiki aikinsu ya zama na hukuma. Su ne a 2015 suka kawo Mali da labarin Sunjata cikin wasa na biyu. Su ne kuma, tare da kamfanin Tantalus na Ostareliya, suka sake gina na ukun, ya fito ranar 15 ga Oktoba 2020. An sake zana komai, an sake ɗaukar kiɗan, ruwa ya zama ruwa, hayaƙin bindiga ya zama hayaƙi. An gyara wani abu da ya daɗe yana ci wa sababbin shiga tuwo a ƙwarya: a da, katunan agajin da babban birninka ke aiko maka a tsakiyar yaƙi sai ka yi wata da watanni kana wasa kafin a buɗe maka su, tsohon hannu ya riƙa taka baƙo ba don ya fi shi dabara ba. Yanzu duk a buɗe suke tun ranar farko, ka zaɓi 25 ka shiga fili. An kuma zauna da ƴan asalin Amurka aka gyara yadda aka nuna kakanninsu, aka maido musu sunayen da suke kiran kansu da su. Duk wannan madalla. Amma da a nan aka tsaya, da na yaba na wuce.

Ranar 2 ga Agusta 2021 aka fitar da ƙarin da ake kira The African Royals, da al'ummu biyu: Habasha da Hausa. Babban birni Kano. Idan kwamfuta ce ke riƙe da Hausawa, Sarauniya Amina ta Zazzau ce ke yi maka magana, tana yi maka barazana in ka taɓa ta. Filayen yaƙi kuwa har da Tafkin Chadi, Kogin Kwara da Sahel.

Abin da na ji tsoro shi ne a ɗauko sojan Faransa a shafa masa baƙi a ɗaura masa rawani a ce ga Bahaushe. Ba su yi haka ba, kuma a nan ne na sallama musu. Sun sake tunanin yadda dukiya ke taruwa tun daga tushe. Bature a wasan yana da kasuwa da gandu da masana'antar igwa. Bahaushe yana farawa da shanu. Akwai kasuwar dabbobi, ka ɗaure shanunka a gefenta suna ƙiba, idan buƙata ta taso ka sayar da ɗaya ka karɓi itace ko kuɗi nan take. Farashin yana hawa a hankali in ka yi haƙuri, yana faɗuwa da zarar ka sayar, saboda haka wanda ya kwashe garkensa ya kai gaba ɗaya ya yi asara. Jama'a, wannan ai ba sai an koya wa mutumin Keita ba! Wane ne a nan bai san sa shi ne asusun gida ba, ana taɓa shi ne ranar biki, ranar ciwo, ko ranar da hatsi ya ƙare tun damina ba ta faɗi ba? Wani kawuna da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba ya tsaya bayana wata rana yana kallo, ya ga na kora sa kasuwa tun wasa bai yi nisa ba, sai ya ce, "Kai ɗan nan, wa ya ce maka ana sayar da sa tun bai cika ba?" Na ce, "Kawu, itace nake nema, gidaje sun yi kaɗan." Ya ce, "To ka jira kaɗan mana, yanzu dillali zai cuce ka." Da na duba lissafin wasan, shi ke da gaskiya.

Sannan ga rumbu. Gonakin Bahaushe ƙanana ne, masu arha, ana jera su kewaye da rumbu, kuma duk mai aiki kusa da shi hannunsa ya fi sauri. Har namun daji rumbun ke jawowa kusa da gari don mafarauta su huta da tafiya. Idan gari ya bunƙasa ka ja da baya ka kalle shi daga sama, gonaki sun yi wa rumbuna zobe, gine-ginen ƙasa ja sun tashi da zankayensu, shanu na kiwo a gefe, wallahi sai ka ji wani abu ya taso maka a ƙirji. Mu da muke maƙwabtaka da masallacin Yama, wanda Alhaji Falke Barmu ya gina da laka har ya ci kyautar Aga Khan a 1986, mun san ginin ƙasa ba alamar talauci ba ne, amma ba kullum ake samun baƙo ya zana shi da mutunci haka ba.

Babbar dabarar ita ce dukiya ta huɗu. Kowa a wasan na tara abinci, itace da kuɗi. Hausawa da Habasha suna da ƙarin abu guda: tasiri, wato girman da kake da shi a idon mutane. Garkenka na kawo shi. Zangon fatake da ka kafa bisa hanyar ayari na kawo shi. Makarantar malamai, wadda Hausawa kaɗai ke ginawa, tana kawo shi, kuma tana ƙara yawa in ka gina ta kusa da tsakiyar gari da fadar sarki da zangon ciniki. Ka ga ke nan wasan da kansa yana tilasta maka ka haɗa sarki da malami da falke wuri guda, in ka raba su ka talauce. Da wannan tasirin ne kake ɗauko sojan haya, kake kiran mayaƙan maƙwabta, kake sayo igwa daga waje, domin ba a ba Bahaushe masana'antar igwa ba. Da farko wannan ya ɓata mini rai. Daga baya na ga gaskiya suka bi: ƙarfin sarakunanmu doki ne da jama'a da ganuwa, bindiga kuwa yawancinta ta hannun fatake ta shigo. Kuma ko hawa sabon zamani, Bature shugaba yake zaɓa, Bahaushe ƙawance yake ƙullawa: da Songhai, da Maroko, da Fulani, da Yarabawa, da Akan na ƙasar goro, har da Ingila ga mai ƙarfin zuciya. Kowane ƙawance da irin mayaƙa da ilimin da yake buɗe maka. Wanda ya tsara wannan ya karanta tarihin ƙasar nan, ya fahimci ba a taɓa yin sarauta a Sahel da takobi kaɗai ba, sai da auratayya da amana da kyauta da sanin wanda za ka kira ranar wuya.

Mu zo ga maza. Jarumin rundunar shi ne ɗan lifidi, doki da mahayi duk a lulluɓe cikin rigar auduga mai kauri. Ba shi da saurin kisa, amma kashe shi aiki ne. Ka sa goma a gaba su shanye kibau da harsasai, maharban Fulani na baya suna zuba ruwan kibiya, masu jifa da mashi bisa dawaki suna tsare gefe kada dawakin abokan gaba su zagayo. In tasiri ya taru ka fito da Maigadi daga fada, ƙaton dogari mai bindiga wanda in aka yi gaba da gaba ya fi haɗari. Sai kuma wanda ya fi ba ni dariya da daɗi: maroƙi. E, maroƙi! Ba ya kashe kowa. Ka tsayar da shi bakin gini yana kiɗa, aiki ya ƙara sauri. Ka kai shi fagen fama ya sa abokan gaba a gaba, hannunsu ya yi sanyi. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan kokowa ya ji kirarinsa a fili ya miƙe tsigar jikinsa na tashi, ya san ba wasa suka yi ba da suka lissafa makaɗi cikin kayan yaƙi. Katunan agajin ma in ka bi sunayensu sai ka yi murmushi: akwai na hawan daba, akwai na habbanaye, al'adar Fulani ta ba ɗan'uwa aron saniya, akwai har na kilishi. Mutanen Madawa sai su miƙa takardar neman la'ada, don duk Nijar an san inda kilishi ya yi suna.

Ƙa'idar wasan ita ce doki mai sulke yana cin maharba in ya cim musu. Tarihinmu kuwa ya taɓa karya wannan ƙa'ida a idon duniya. A Tafkin Kwatto, cikin Yuni 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya fito da ƴan lifidi da taimakon Abzinawa, jama'ar Shehu Usmanu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo yawancinsu a ƙasa suke da baka da kwari, amma maharban ne suka kwana da nasara. Ƙarin The African Royals ya zo da yaƙoƙin tarihi guda uku, ɗaya na Maroko, ɗaya na Habasha, ɗaya kuma mai suna Fall of the Hausa, wanda aka gina bisa jihadin Shehu. A nan wasan ya shigo har tsakar gidanmu. Shehu Usmanu a Maratta aka haife shi a 1754, nan kusa da Galmi, tafiya kaɗan daga Madawa bisa hanyar Ƙonni. Malaminsa Jibrilu ɗan Umaru ya bi har Agadas. Daga Degel ya yi hijira zuwa Gudu a Fabrairu 1804, Alƙalawa, birnin Sarkin Gobir, ta faɗi a 1808, Yunfa ya mutu a cikinta. Yaron da ya gama lakwal bai riƙe waɗannan shekaru ba, in ya buga wannan yaƙi sau biyu zai fara tambayar ina ne Gobir, sai a ce masa ai a bakinta kake zaune.

Masoyi ne ni, amma ba makaho ba. Gobir a wannan labari abokiyar gaba ce kawai, wadda aka ajiye don a rushe. Mu da ke Gobir Tudu mun san labarin bai ƙare a Alƙalawa ba: Gobirawa sun ci gaba da fafatawa, sun sha kashi a Gawakuke a 1836 a hannun Muhammadu Bello, suka sake kafa gari a Tsibiri, sarautarsu na nan har gobe. Da an ba mu damar riƙe ɓangaren sarakunansu, Bawa Jan Gwarzo ko Mayaƙi, da an ga wasa. Haɗa Amina ta Zazzau da birnin Kano ma, Bazazzagi da Bakano kowa zai ɗaga gira, ko da yake na fahimci al'umma ɗaya aka ba su su cusa Hausa Bakwai a ciki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Adar babu ita. Kuma ina rantsuwa babu ƙasar da ta dace da wannan wasa irinta. Duba yanayin wurin: duwatsu masu faɗin kai, kwaruruka masu albarka a tsakaninsu, Magiya nan, Tarka can, mashigai ƴan kaɗan da mutum goma za su iya tare ɗari. Duba tarihin: Agabba ɗan Sarkin Agadas ya karɓe Adar daga hannun Kabi a ƙarshen ƙarni na 17, zuriyarsa ta zauna Illela, Lisawan da suka rako shi suka kafu a Keita, Kel Gres suka gangaro daga Abzin da raƙumansu suka mamaye wajen Galma da Arzarori suna fataucin gishiri, ga jagororin yaƙi Jilani da Ibra da suka yi ta ja-in-ja a farkon ƙarni na 19, ga Azna a kan duwatsunsu suna kallon kowa. Ƙawance yau, yaƙi gobe, jibi a ɗaura aure. Wannan ai shi ne ainihin abin da dukiyar tasiri ke kwaikwayo! An sa Berber na Arewacin Afirka da raƙuman gishirinsu, an sa Yarabawa, Akan, Somaliyawa da Sudanawa a matsayin ƙananan al'ummun da ake ƙawance da su a fili, amma Ba'abzine mai takoba da garkuwar fata, wanda babu yaƙin Gobir ko na Adar da aka yi ba da shi ba, bai samu ƙauyensa ba.

Wani abu kuma da sai ɗan nan zai lura da shi: a wasan, icen da aka sare ya tafi ke nan, ba ya tsirowa, ba a dasa wani. In wasa ya yi tsawo sai ka ga fili ya zama fako. Mu mun ga wannan da idonmu, ba a allo ba, mun kuma ga maganinsa. Tun 1975 aka fara jera layukan bedi a kwarin Magiya don kare gonaki daga iska, daga 1984 kuma aikin Keita, da kuɗin Italiya da hannun hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya sa dubban mutane, yawancinsu mata, suna jera duwatsu suna haƙa ramuka a kan tsaunuka har ƙasar da ta mutu ta sake yin kore. Da ni ne mai tsara katunan Hausa, da na sa guda na dashen itace, in ga wanda zai ce bai dace ba.

Saura maganar samu, don yabon abin da ba a iya taɓawa ƙwalele ne. Wasan na kwamfuta ne mai Windows 10 ko sama, yana son ƙwaƙwalwa giga 8 aƙalla, kuma yana cin wuri sama da giga 40. Wanda zai sauke wannan da kuɗin mega na salula a Buza, sai dai mu yi masa addu'a. Dabara ita ce a nemi wuri mai intanet mai ƙarfi in an shiga Tawa ko Maraɗi ko Yamai, a sauke sau ɗaya. Bayan haka ana iya karawa da kwamfuta ba sai da layi mai kyau ba, kuma kwamfutar yanzu ta fi ta 2005 wayo nesa ba kusa ba. Tun Agusta 2023 akwai sigar gwaji kyauta a Steam, mai ba ka al'ummu uku da ake sauyawa lokaci zuwa lokaci, ta ishe ka ka gane ko jininku ya haɗu. Hausa dai sai an sayi ƙarin, sayen kuma na son katin banki, wanda a nan sai an bi ta hannun ɗan'uwa. Kuran in ya ɗauke a tsakiyar yaƙi, wannan kuma tsakaninka da batirinka ne. Kada kuma wani ya sauke Age of Empires Mobile na 2024 a salula ya zo yana ce mini ya gwada bai ga abin da nake zuzutawa ba. Suna ne kawai ya haɗa su.

Na san samarin fadodinmu ƙwallo suka fi so, a biya dala kaɗan a buga minti 10 a tashi. Wannan kuwa yana son zama, yana son a sha kashi sau da yawa kafin a fara jin daɗinsa, kuma Hausa na cikin al'ummu masu wuyar riƙewa, don ido ɗaya na kan shanu, ɗaya na kan tasiri, hannu na kan dawaki. Sabon shiga ya fara da darussan koyo da aka ƙara cikin wannan siga, ya koyi kada tsakiyar gari ta taɓa zama ba ta fitar da manomi, ya koyi kafa makaranta inda za ta taɓa fada da zango, ya bar shanu su cika kafin ya kai su kasuwa. In ya kai nan, to ya neme ni. Ya ɗauki Faransa da dawakinta masu sulken ƙarfe, ko Ingila da jajayen sojojinta, duk wadda ransa ke so, a fili kuma na bar masa zaɓi. Ni Hausa zan ɗauka, kuma maroƙa biyu zan tura gaba su fara yi masa sallama.